Wanda Ya Sha Ruwan Rijiyarmu

Duk wanda ya yi yarinta a Bir Mazuz kafin a jawo mana famfo, da ya buɗe baki an san inda ya fito. Haƙoranmu suna da dabbare-dabbare ruwan ƙasa, kamar an ɗiga musu shayi mai kauri an bar shi ya bushe. Tsohuwar rijiyar bakin gari ce ta yi mana haka. Ruwanta yana ratso duwatsun fosfat ɗin da iyayenmu suke haƙa, ya kwaso wani gishiri da harshe ba ya jin sa, amma yana kama haƙorin yaro tun yana cikin dasashi. Asuwaki ba ya fitar da shi, buroshi ma haka. Samarinmu in sun je neman aiki birnin Safakis, da hannu a baki suke dariya.

Ni ma haka nawa suke. A shekarata ta ƙarshe ta karatun likitan haƙori a Munastir ne na sa aka liƙa musu farin rufi. Ranar da na dawo gida babana, Bilkasim, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Naziha, bakin wa kika aro?"

Na buɗe ɗan asibitina a kan babban titi, tsakanin mai gasa burodi da mai gyaran babura. Ban daɗe da farawa ba tsohon malamina, Si Munji, ya jawo ni cikin wani bincike da yake yi. A cewarsa ɓawon haƙori ba kamar ƙashi ba ne, wanda jiki ke ta rushewa yana sake ginawa. Sau ɗaya ake gina shi, a yarinta, da ruwan da yaro ya sha da abin da ƙasarsu ta tsirar, daga nan an rufe ke nan har mutuwa. Aikina shi ne duk haƙorin da na cire, in mai shi ya yarda, in tambaye shi rijiyar da ya sha yana ƙarami, in aika da haƙorin Munastir. Ranakun hutu kuma in zaga ƙauyukan yankinmu ina ɗebo ruwan rijiyoyi a kwalabe. Burin Si Munji shi ne a gano ruwan da ke ɓata haƙoran yara, a gyara shi. Ba wanda ya kawo maganar matattu a ransa.

Wata ranar Talata cikin sanyi ya kira ni ya ce, "Ki zo gobe. Ba maganar waya ba ce."

Si Munji mutum ne mai barkwanci, ba ya barin baƙo ya zauna sai ya tsokane shi. Ran nan ko gahawa bai ce a kawo ba. Ya rufe ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, ya turo mini wata 'yar kwalba. A ciki akwai turmin haƙori guda ɗaya na babban mutum.

Ya ce, "Wata likita ce ta aiko mini daga kudu, can bakin teku. Masunta suka jawo gawar mai shi cikin taru. Ruwa ya cinye fuskar, babu takarda a jikinsa, babu komai. Namiji ne, bai wuce shekara talatin ba. An binne shi a maƙabartar waɗanda ba a san su ba. Amma kafin nan ta duba bakinsa, ta tuna da aikinmu."

Ya buɗe mini hotunan a kwamfuta. Haƙoran gaba ne na sama, a jere ras, kowanne da zanen nan ruwan ƙasa a tsakiyarsa. Na ga irin wannan bakin sau ba adadi, amma koyaushe da leɓe a kansa.

Na ce, "Rabin mutanen yankinmu haka bakinsu yake, Si Munji."

"Na sani. Shi ya sa na sa shi a na'ura."

"Me ta ce?"

"Na'ura ba ta rantsuwa, 'yata, kin sani. Amma cikin duk ruwan da kika kawo mini, na rijiya ɗaya kaɗai ya yi kama da abin da ke cikin haƙorin nan." Ya cire tabarau ya murza idanu. "Akwai waɗanda suka fita daga garinku kwanan nan?"

Akwai. A ƙarshen kaka samari huɗu suka shiga kwale-kwale ɗaya suka nufi Italiya: Ramzi ɗan Inna Zina, da Anis da Lutfi 'ya'yan Inna Hadda, da Shukri ɗan Inna Mabruka. Tun ranar ba wanda ya ji ɗuriyarsu. A gari an ce suna wani sansani ne inda ake ƙwace waya.

Kafin in fito na sake kallon hoton turamen. Samansu ya goge, ya yi sumul kamar dutsen niƙa da ya tsufa. Mutumin nan yana cizon haƙora cikin barci, ya yi shekaru yana yi.

A motar haya ta komawa ƙishirwa ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na shanye ruwan da na saya, matar da ke kusa da ni ta miƙo nata na shanye, maƙogwarona yana nan a bushe.

Babana na fara gaya wa. Yana zaune a tsakar gida yana ɓare ƙwallon dabino wa awaki. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

Ya ce, "Matan nan uku da me suke rayuwa yanzu? Da jira. Ke kuma za ki je ki ƙwace musu."

"Baba, ɗaya daga cikin 'ya'yansu yana kwance a kabarin da ba suna sai lamba."

"Wanda ke kwance ba ya jin komai. Masu rai ne ke ji. Ki rufe bakinki, na aron da na gadon duka."

Na yi niyyar bin maganarsa. Amma a makon da ya biyo baya aikin ya canza mini. Duk wanda ya kwanta a kujerata ya buɗe baki, sai in ga kamar leɓensa ya janye, in ga haƙoran su kaɗai kamar a hoton. Wata amarya ta zo in wanke mata haƙora, hannuna ya yi ta rawa har ta ce, "Likita, ke ce za a kai ɗakin miji ko ni?"

Sannan ga ƙarar. Da rana tsaka, bayan azahar, lokacin da kowa ya sauke ƙofar shagonsa titi ya yi tsit, ina zaune ni kaɗai ina wanke kayan aiki sai in ji ta: ƙaras, ƙaras, a hankali, kamar ana goga tsakuwa a kan tsakuwa. Daga wajen kujerar take fitowa. Na ɗauka injin mai burodi ne, na leƙa, ga kwaɗo a ƙofarsa. Ranar Alhamis na tsinci kaina na cika kofi da ruwa na ajiye a gefen kujerar, inda marasa lafiya ke kurkure baki, alhali ba kowa a kanta. Na tsaya ina kallon kofin. Ban zubar ba. Da safe kuma sai in tashi muƙamuƙina yana ciwo. Ƙanwata da muke ɗaki ɗaya ta ce na fara cizon haƙora.

Ranar Juma'a na aika aka ce wa matan uku ina son ganinsu a gidan Inna Zina.

Sun zauna a kan shimfiɗa a inuwar inabi, Inna Zina tana zuba shayi. Inna Mabruka ce ta iso ƙarshe. Doguwa ce, busasshiya, mijinta ya rasu a ramin fosfat tun Shukri yana goye, ita kaɗai ta rene shi da saƙar barguna. Ba ta da wani ɗa. Ta zauna nesa kaɗan, wayarta a cinya, kamar yadda take koyaushe.

Na gaya musu komai yadda yake. Na ce na'ura ta nuna gari, ba ta nuna mutum ba, kuma ko garin ma ba tabbas ba ne ɗari bisa ɗari. Na ce likitar can ta ajiye abin gwaji daga jikinsa, in kowaccensu ta ba ni ɗan yawu a auduga za a gane ko nata ne.

Ba wadda ta yi kuka. Inna Hadda ta ce, "Nuna mana."

Na miƙa mata wayata. Ta kai hoton dab da idonta, ta daɗe, ta ce, "Na Anis sun fi haka faɗi. Lutfi kuwa yana da wushirya." Ta miƙa wa Inna Zina.

"Ramzi bai taɓa buɗe mini baki haka ba tun da ya yi gemu, ina zan sani?" Ta tura wayar gaban Inna Mabruka. Ita kuwa ko kallo ba ta yi ba.

Na ce, "Akwai abu ɗaya. Mutumin yana cizon haƙora cikin barci."

Kofin da ke hannun Inna Zina ya tsaya a iska. Ta ce, "Ramzi yana yi."

Inna Hadda ta ce, "Nawa duka biyun suna yi. Har ta bango nake ji."

"Wane saurayi ne ba ya yi a garin nan?" in ji Inna Mabruka. "Mutum ya gama makaranta ya zauna a gidan shayi shekara da shekaru, me zai tauna in ba haƙoransa ba?" Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ɗana yana Italiya. Shekaranjiya ma an kira ni, na ɗauka aka yi shiru, amma na ji numfashinsa. Ke kuma 'yar Bilkasim, an tura ki birni ki koyo cire haƙori, kin dawo kina tonon kabari. Yawuna ba na wasa ba ne."

Ta fita. Inna Hadda ta bi bayanta da ido, sannan ta juyo ta buɗe mini baki kamar yarinya. "Ɗauki nawa. Na gaji da zabura duk lokacin da mota ta tsaya a ƙofa."

Inna Zina ma ta bayar, tana salati.

Sakamakon ya ɗauki makonni. Da ya zo, ba na Inna Zina ba ne, ba kuma na Inna Hadda ba. Na je na gaya musu da kaina. Inna Zina ta faɗi ta yi sujada, ta ɗago tana dariya, can kuma dariyar ta tsaya, ta ce, "To ina yake?"

Abin da ban hango ba shi ne lissafin da gari zai yi. Huɗu suka tafi, an cire uku, saura ɗaya. Kafin sati ya zagayo mata sun fara zuwa gidan Inna Mabruka da kwanukan kuskus. Ta watsa wa ta farko nata a ƙofar gida. Liman ya je, ta ƙi buɗe masa. A kasuwa in ta wuce sai a yi shiru, mai kayan miya ya ƙi karɓar komai a hannunta, yana cewa Allah ya ba ta haƙuri. Ta daina fita.

Ƙarar kuma ba ta daina ba. Na fara barin rediyo a kunne bayan azahar.

Wata rana da hantsi ina sallamar wani direba sai ga Inna Mabruka a bakin ƙofa, kumatunta na hagu ya kumbura suntum, ta ɗaure da ɗankwali. Ta tsaya ba ta shigo ba.

Ta ce, "Da akwai wani likitan a garin nan da ba ki gan ni ba."

"Na sani, Inna. Shigo."

Turmi ne na ƙasa, ya ruɓe har saiwa, ta yi ta cusa masa kanumfari har dasashin ya ƙone. Na yi mata allurar kashe zafi, muka zauna jira. Da na sa awartaki bai yi gardama ba. Na ajiye shi a faranti ya yi ƙara, na tura mata auduga ta ciza.

Ta juya kai tana kallon farantin. Na san abin da take tunani, domin ni ma shi nake tunani: abin da ta hana ni ga shi a gabana da jininsa. Na ɗauko 'yar takarda na naɗe haƙorin na miƙa mata.

Na ce, "Naki ne. Ki tafi da shi."

Ba ta karɓa ba. Ta zaro audugar daga bakinta, maganarta tana fita a karkace saboda allurar.

"Kiran nan da nake ce miki. Na ba ɗan maƙwabta lambar ya bincika mini. Masu tallar katin waya ne, na'ura ce ke kira." Ta goge leɓenta. "Ina jin su a bayan katanga suna cewa tsohuwa ta zare. Ban zare ba. Na san teku. Amma in na ce ya mutu alhali yana raye, da wane ido zan kalle shi? In kuma shi ne ke kwance can cikin baƙi, ni ina nan ina gadin waya..." Ta nuna takardar da ke hannuna. "Ki aika da shi. Amma ki ji ni da kyau, Naziha. Kada ki gaya mini. In shi ne, ku ɗauko shi ku sa shi kusa da ubansa, ku yi abinku. Ni ba na zuwa maƙabarta. Ba zan tambaya ba."

"In kuma ba shi ba ne?"

"Ba ki ji na ce kada ki gaya mini ba?"

Na aika. Wannan jiran ya fi na farko tsawo a wajena. Na riga na yi magana da liman a kan wurin da za a haƙa, na kuma fara tunanin yadda za a yi a hana kukan mata kaiwa kunnenta.

Si Munji ne ya kira ni, da safe ina buɗe asibiti.

Ya ce, "Ba ɗanta ba ne."

Na zauna a kan dakalin mai burodi. "A sake gwadawa."

"An sake. Babu dangantaka ko ta nesa."

"To kuskure muka yi ke nan. Ba ɗan garinmu ba ne."

"Shi ma na sake, har na aika wa wani abokina a waje bai san komai ba, ya ba ni amsa iri ɗaya. Mutumin nan ya sha ruwan rijiyarku tun yana rarrafe har ya kai shekara bakwai ko takwas. Bayan nan ban san inda ya yi ba. Haƙori bai rubuta sauran ba."

Na bi gari gida-gida ina tambaya ko akwai wani da ba a ji daga gare shi ba. Kowa nasa yana nan, ko a Tunis, ko a Libiya, ko a Faransa, an yi waya da shi jiya. Sai tsofaffi suka fara tuno waɗanda suka zauna suka tashi: masu gadin layin dogo da ake canzawa, malaman makaranta da aka turo daga arewa, makiyayan da sukan kafa tanti a bakin rijiya su yi shekaru, 'yan ƙwadago da suka zo lokacin da ramin ke ɗaukar mutane suka watse da ya daina. Duk sun haifi yara a nan. Wani ya ce akwai wani yaro mai jan gashi. Wata ta ce a'a, mace ce. Babana ya tuna wani abokin aikinsa mai 'ya'ya maza uku, amma sunan ya ɓace masa, laƙabinsa kawai ya riƙe. Ni kaina na zauna ina ƙoƙarin tuno fuskokin ajinmu na farko. Wataƙila mun yi layi tare da shi da bokiti a hannu. Ban ga kowa ba sai bakuna.

Saura Inna Mabruka. Ta ce kada in gaya mata, amma gari ya riga ya yi wa ɗanta makoki, kuma in na yi shiru za ta ɗauka an binne shi a ɓoye. Na same ta a kan masaƙarta. Tana ganina ta ɗaga hannu.

"Na ce miki me?"

"Kin ce kada in faɗa. Zan saɓa miki, Inna. Ba Shukri ba ne."

Hannun ya sauka a hankali. Na zaci za ta yi murna, ko ta zage ni. Sai ta kama zaren da ke gabanta tana warwarewa tana sake naɗewa.

Ta ce, "Na fara sabawa. Kwana biyun nan har barci na yi." Ta saki zaren. "To ɗan wa ne?"

"Ba a sani ba."

"Ba wanda ya zo nemansa?"

"Babu."

"Amma kin ce ruwanmu ya sha."

"Haka haƙorinsa ya nuna."

"Ni na yi shekara ashirin ina jan guga a rijiyar nan. Duk yaron da ya tsaya kusa da ni sai na ba shi ya sha, ban taɓa tambayar ɗan wa ne ba." Ta ture masaƙar ta miƙe. "Ina takalmina? Mu je wajen liman."

Ita ta tsaya a kan maganar. Liman ya ce ba a tono mamaci sai da dalili, ta ce masa, "Si Tahar, kai da ka sha nonon uwata za ka koya mini dalili? Yaro yana kwance cikin baƙi ga garinsu." Hukuma ta yi ta juya mu daga wannan ofis zuwa wancan, domin ba mu da dangantakar da za mu nuna. Si Munji da likitar bakin teku suka sa baki. Sai da zafi ya shigo aka yarda.

Ranar da motar gawar ta iso, gari ya rufe shaguna. Maza suka tare ta tun daga mararraba, suka sauke akwatin suka ɗauka a kafaɗa. Babana yana cikin na gaba, duk da ciwon bayansa. Ba wanda ya tsara, amma maimakon su miƙe zuwa maƙabarta sai suka karkata ta bakin gari, suka bi ta gaban tsohuwar rijiyar, wadda aka daɗe da rufewa da siminti. Suka ɗan tsaya a nan, sannan suka wuce.

Mu mata muna gidan Inna Mabruka, domin a nan aka yi zaman. Ita ta karɓi gaisuwa, Inna Zina a damanta, Inna Hadda a hagunta. Duk wadda ta shigo sai ta riƙe hannayensu kawai. A ranar ne na fara ganin ukun sun yi kuka, kuma ba wadda ta ambaci sunan ɗanta. A kan dutsen kabarin, liman ya sa aka rubuta: ɗan Bir Mazuz.

Har yau ba a san ko wane ne ba. Samarin nan huɗu ma har yau shiru.

Labarin ya bazu a ƙauyukan yankin. Wata safiya, bayan jana'izar da kamar wata guda, na zo buɗe asibiti na tarar da mata zaune a jikin bango, sun kai goma, ba wadda na sani. Wasu daga bayan dutse suka zo, a motar ɗaukar kaya. Kowacce tana rungume da kwalba, wata ta lemo, wata ta man zaitun da aka wanke, cike da ruwa.

Wata tsohuwa mai zanen shuɗi a haɓa ta taso ta miƙo mini tata da hannu biyu.

Ta ce, "Ke ce likitar? Wannan na rijiyarmu ne. An ce in kin ajiye shi, ko da teku ta dawo da mutum za a san na ina ne."

Na fara yi mata bayani cewa abin ba haka yake da sauƙi ba, rijiyoyi da yawa ruwansu iri ɗaya ne, kuma ba kowace gawa ake aiko mana da haƙorinta ba. Ta saurare ni da haƙuri har na kai aya, kwalbar tana miƙe a tsakaninmu.

"Na ji, 'yata. Karɓi dai."

Na karɓa. Ruwan da sauran sanyinsa. Na buɗe ƙofa na ce su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta faɗa mini sunan rijiyarta da shekarar da ɗanta ya fara tafiya da ƙafarsa.